Yadda Ake Rufe Mahaɗi a Shafin Intanet Na Ɗan Lokaci, Kuma a Sake Buɗe Shi

Barkanmu da sake haɗuwa a Filin Kwamfuta na jaridarmu ta bango. Darasin wannan karon ya ɗan yi tsawo, har ya ci kwali biyu, don haka wanda ƙararrawa ta katse shi sai ya dawo lokacin tara ya ƙarasa. Kuma ina roƙo, duk mai son layukan umarnin da ke ciki ya kwafa a littafinsa, kada a yage gefen kwalin kamar yadda aka yi wa na watan jiya.

Abin da ya sa na zaɓi wannan darasi wani abu ne da ya faru da yayana. Lokacin da zai biya kuɗin wata rajista ta intanet, ya hau mota daga nan Kuryar Madaro zuwa Ƙauran Namoda, ya shiga wani shagon kwamfuta. Ranar sabis ba ƙarfi. Aka cika komai, aka danna wurin biya, shafin ya tsaya cik kamar bai ji ba. Yaya ya ce a ƙara dannawa, aka ƙara. Can sai wayarsa ta yi ƙara sau biyu, an cire kuɗin har sau biyu. Kuɗin kuwa na wake ne da Baba ya sayar. Daga baya an mayar masa da na biyun, amma sai da ya yi ta zirga-zirga, kuma kowace tafiya da kuɗin motarta. Baba bai yi faɗa ba, shiru kawai ya yi, wanda a gidanmu ya fi faɗa ciwo.

Yanzu Yaya yana karatun kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda. Da ya zo hutu na tuna masa da maganar, sai ya ce mini, "Ka san da wanda ya gina shafin nan ya rufe ƙofar bayan dannawar farko, da ta biyun ba ta shiga ba." Na ce, "Yaya, ashe ana rufe abin da ke cikin waya?" Ya ce, "Ɗauko kujera." Abin da ya koya mini a hutun nan, da wanda Malaminmu na kwamfuta ya gyara mini daga baya, shi ne zan kawo muku.

Mene ne mahaɗi?

Duk wanda ya taɓa riƙe waya mai intanet ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Shi ne rubutun nan mai launin shuɗi, wani lokaci da layi a ƙarƙashinsa, wanda idan ka danna sai ya kai ka wani shafi. Yawancin mutane linki suke ce masa. Ni dai mahaɗi zan riƙa cewa, tunda aikinsa ke nan, haɗa shafi da shafi. Wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee ne ya kawo tsarin shafukan da ke haɗe da juna ta intanet a shekarar 1989, lokacin yana aiki a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Janeba.

Da harsuna uku ake gina shafi. HTML shi ne ginin kansa, bango da ƙofofi. CSS shi ne shafe da fenti. JavaScript kuma kamar yaron gida ne da ake ba umarni: buɗe nan, rufe can, jira minti ɗaya ka dawo. Wani mai suna Brendan Eich ne ya ƙirƙiro JavaScript a kamfanin Netscape na Amurka a shekarar 1995. Wato harshen ya girmi Jihar Zamfara da shekara ɗaya, tunda a 1996 aka cire mu daga Jihar Sakkwato.

Ga yadda ake rubuta mahaɗi da HTML:

<a id="kofa" href="amsa.html">Duba amsa</a>

Ku dube shi da kyau. Harafin a da ke farko da wanda ke ƙarshe su ne iyakar mahaɗin. Kalmar id tana ba shi suna don mu iya kiransa, ni na raɗa masa kofa. Malamin Hausa ya yi haƙuri, na san ƙofa da ƙugiya ake rubuta ta, amma kibod ɗin Yaya ba shi da wannan harafin. Kalmomin "Duba amsa" su ne mai karatu zai gani ya danna. Sai kuma href, wadda ita ce zuciyar darasinmu, domin ita ke riƙe da adireshin wurin da za a kai mutum. A nan adireshin shi ne amsa.html, wani shafi na biyu da na ajiye amsoshin tambayoyi a ciki.

Wani abu da ya ba ni mamaki shi ne, maɓalli irin wanda ake dannawa a ƙarshen fom yana da kalmarsa ta rufewa, disabled. Da ka rubuta ta a jikinsa sai ya dushe ya daina aiki. Mahaɗi ba shi da wannan gatan. Na rubuta masa kalmar, ya yi biris da ni, na danna ya wuce abinsa. Shi ya sa sai an bi da dabara.

Hanya ta farko: ɗauke guga daga rijiya

Idan ana so a hana ɗiban ruwa a rijiya na wuni ɗaya, ba cike ta ake yi da ƙasa ba. Guga da igiya ake ɗaukewa a kai ɗaki, gobe a dawo da su. Haka ma mahaɗi. Idan ka cire masa href, rubutun yana nan a shafin, amma shuɗin ya tafi, layin ya tafi, ko ka danna ba inda zai kai ka. Ga umarnin, kuma a ƙarƙashin layin mahaɗin ake rubuta shi:

<script>
var kofa = document.getElementById("kofa");
var adireshi = kofa.getAttribute("href");

function rufe() {
  kofa.removeAttribute("href");
  kofa.textContent = "Dakata minti 1";
}

function bude() {
  kofa.setAttribute("href", adireshi);
  kofa.textContent = "Duba amsa";
}

rufe();
setTimeout(bude, 60000);
</script>

Kada yawansa ya tsorata ku, mu bi shi a hankali.

Layin farko yana cewa: nemo abin da ake kira kofa a cikin shafin nan, ka riƙe mini shi. Layi na biyu yana cewa: duba adireshin da ke jikinsa, ka kwafa ka ajiye a wani akwati mai suna adireshi. Kalmar var ita ce ke buɗe irin wannan akwatin ajiya. Wannan layi na biyu shi ne kai guga ɗaki, kuma ku riƙe shi da kyau, za mu dawo kansa.

Daga nan sai ƙunshin umarni guda biyu. Kalmar function tana nufin ga wani aiki, ga sunansa, amma kada a yi shi sai an kira. Na farkon sunansa rufe. Idan aka kira shi, zai cire href, sannan ya canja rubutun da mutum ke gani ya koma "Dakata minti 1". Na biyun sunansa bude. Shi kuma zai ɗauko adireshin daga akwati ya mayar wa mahaɗin, ya dawo da rubutun farko. Sunayen nan, kofa da adireshi da rufe da bude, duk ni na zaɓe su. Kwamfuta ba ta damu da Hausa ne ko Turanci ba, muddin yadda ka rubuta a sama haka ka rubuta a ƙasa. Amma sauran kalmomin na harshen ne, ba a taɓa su. Kuma babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinta: idan ka rubuta getElementById da babban D a ƙarshe, komai zai tsaya, ba kuma za ta fito ta gaya maka a fuskar shafin ba.

Layuka biyu na ƙarshe su ne ke tayar da aikin. Na farko ya kira rufe nan take, da buɗe shafin. Na biyu, setTimeout, agogo ne: yana cewa a jira lokaci kaza sannan a kira bude. To me ya sa 60000? Saboda JavaScript ba da daƙiƙa yake ƙirga lokaci ba, yana raba kowace daƙiƙa gida 1000 ne. Don haka 1000 daƙiƙa ɗaya ce, 60000 minti ɗaya, 300000 minti biyar. Ranar farko 60 na rubuta ina nufin minti ɗaya, ƙofar ta rufe ta buɗe kafin in ƙifta ido, na ce wa Yaya abin ba ya aiki. Ya ce yana aiki, lissafina ne ba ya aiki.

Akwai tarkuna biyu kuma a nan. Na ɗaya, a cikin setTimeout sunan bude kawai ake rubutawa, ba a bin sa da baka biyu. Idan ka sa masa baka, kamar ka ce a yi shi yanzu-yanzu ne, ba zai jira agogo ba. Na biyu, idan ka ɗora umarnin a saman layin mahaɗin, burawuza za ta karanta shi kafin ta ga ƙofar, domin daga sama take karatu zuwa ƙasa. Ka aiki yaro ke nan ya rufe ƙofar da ba a gina ba tukuna.

Abin daɗi shi ne duk wannan ba ya cin data ko ta kwabo. Ka rubuta shafin farko a Notepad, ka adana shi da suna tambaya.html. Ka rubuta na biyu, ka adana shi da suna amsa.html. Ka sa su wuri ɗaya a cikin kwamfuta, ka buɗe na farkon da Chrome. Ko sabis babu gaba ɗaya zai yi aiki. Caji kawai ake buƙata, wanda shi ma a garinmu ba ƙaramin abu ba ne.

Kunyar da na sha

Na ce za mu dawo kan layi na biyu. Makonni uku da suka wuce Malam ya ba ni dama in nuna wannan abu a taron ƙungiyarmu, da kwamfutarsa ta hannu. Na shirya tambayoyi biyar a kan Jihar Zamfara, irin su ƙananan hukumomi nawa gare ta, da wace shekara aka kafa ta. Shirin shi ne kowa ya yi tunani na minti ɗaya kafin mahaɗin amsa ya buɗe, saboda mun san halinmu, da an ga wurin amsa can ake fara zuwa.

Da daddare na sake kwafe umarnin da fitilar waya, ina gyangyaɗi. Ban lura ba, sai na mayar da layin adireshi can ƙasa, bayan an riga an kira rufe. Ga ni a gaban mutane, minti ɗaya ya cika, rubutun ya koma shuɗi, har ana tafi. Na danna da ƙarfin gwiwa. Sai ga farin shafi yana cewa ba a sami fayil ɗin ba. Na koma na sake, haka. Wani daga baya ya ce, "Malam, amsar ta tai kasuwar Shinkafi!" Aka fashe da dariya. Ni kuwa zufa har cikin riga.

Malam bai karɓe kwamfutar ba. Cewa ya yi, "Karanta mini abin da ke can sama, wurin adireshi." Na duba, a ƙarshensa an rubuta null. Ya ce, "Ka san ma'anarta?" Na ce, "A'a, Malam." Ya ce, "Babu. Ka cire adireshin tukuna, sannan ka aika a kwafo shi. Ɗan aike ya je ya tarar da wayam, ya dawo ya zuba maka babu a cikin akwati. Da lokacin buɗewa ya yi, sai aka ɗauko babun aka liƙa wa ƙofar. Kwamfuta kuma ta tafi neman shafi mai suna babu." Muka mayar da layin sama, abu ya tashi.

Abin da na lura da shi daga ranar shi ne rufewa ba ta da wuya, layi ɗaya ce. Buɗewar ce ke buƙatar shiri, kuma tun kafin a rufe ake yin shirin. Kuma ka gwada buɗewar da hannunka, ka danna ka ga inda ta kai ka. Ni shuɗin kawai na gani a gida na kwanta barci.

Hanya ta biyu: maigadi a bakin ƙofa

A wannan hanyar ba a cire komai. Adireshin yana nan, shuɗin yana nan, amma an tsayar da maigadi:

function tsare(e) {
  e.preventDefault();
}
kofa.addEventListener("click", tsare);

Layin ƙarshe yana cewa duk lokacin da aka danna kofa a kira tsare. Shi kuma tsare aikinsa ɗaya ne, ya hana abin da aka saba yi, wato tafiya zuwa adireshin. Idan lokacin buɗewa ya yi sai a sallami maigadin:

kofa.removeEventListener("click", tsare);

Dole maigadin ya kasance da suna, kuma da sunan da ka ɗauke shi aiki za ka sallame shi. Idan ka sa wanda ba shi da suna, to ya zauna ke nan har sai an sake loda shafin. Raunin wannan hanya shi ne, tunda adireshin yana jikin mahaɗin, wanda ya danne shi da yatsa ya riƙe a waya zai ga zaɓin buɗewa a sabon shafi, ya zagaye maigadin ta baya.

Hanya ta uku ba zan daɗe a kanta ba, don ban cika son ta ba:

kofa.style.pointerEvents = "none";

Wannan yana sa mahaɗin ya daina jin yatsa da linzamin kwamfuta. Idan za a buɗe sai a canja none ta koma auto. Gajere ne, shi ya sa mutane ke son shi. Amma mai kibod zai danna Tab har ya iso kan mahaɗin, ya danna Enter, ya wuce. Kamar mai shago ne ya gitta benci a ƙofa ya tafi masallaci. Mai kunya zai tsaya, amma benci ba kwaɗo ba ne.

Komawa ga kuɗin wake

Yanzu mu ga yadda za a hana irin abin da ya sami Yaya. A nan ba a so a rufe ƙofar tun farko. So ake dannawar farko ta wuce, sauran su tsaya:

var anDanna = false;

function duba(e) {
  if (anDanna) {
    e.preventDefault();
    return;
  }
  anDanna = true;
  kofa.textContent = "Ana aiki, kada a sake dannawa";
}
kofa.addEventListener("click", duba);

Akwatin anDanna abu biyu kawai yake ɗauka, false wato a'a, da true wato e. Da farko a'a ne. Mutum ya danna, maigadi ya duba akwati ya ga a'a, sai ya bar shi ya wuce, amma ya juya akwatin ya koma e. Idan mutumin ya ƙosa ya sake dannawa, maigadi zai ga e ya tare shi. Idan kana so ƙofar ta sake buɗewa, misali bayan daƙiƙa 30 ko da aikin farko bai tafi ba, sai ka sa setTimeout ya mayar da akwatin a'a, ya kuma dawo da rubutun farko. A shafukan biyan kuɗi yawanci maɓalli ne ake sawa ba mahaɗi ba, don haka su kalmar disabled ma ta wadatar da su, amma tunanin ɗaya ne.

A ganina, layin da ya fi kowane amfani a nan shi ne wanda ke canja rubutu. Yaya bai ƙara dannawa don wauta ba. Shafin ne ya yi masa shiru, a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kuma ga mutane a layi suna jira ya tashi. Da an rubuta masa "ana aiki, dakata", da ya dakata. Wanda ke gina shafi a inda intanet ke gudu kamar ruwa ba lallai ya tuna da wannan ba, don shi kafin ya ɗaga yatsa shafin ya buɗe. Mu da muke Kurya da Zurmi da Shinkafi mun san daƙiƙa ashirin ɗin nan da allo ke tsayawa fari fat. Idan Allah ya sa wani cikinmu ya zama mai gina shafuka, to wannan ilimi ne da yake da shi tun daga gida.

Malam ya ƙara mini wani abu da ban taɓa tunani ba. Makafi ma suna amfani da waya. A wayoyin Android akwai TalkBack, mai karanta musu abin da ke kan allo da murya. Makaho ba zai ga shuɗi ya dushe ba. Don haka akwai alamar da ake ƙara wa mahaɗin da aka rufe, aria-disabled, a sa mata true, domin na'urar ta sanar da shi cewa wannan a rufe yake. Ita alamar ba ta rufe komai da kanta, sanarwa ce kawai, kuma idan an buɗe sai a tuna a cire ta.

Mu mun san rufewa ta ɗan lokaci

Da nake koyon wannan darasi, abin da ya yi ta faɗo mini a rai shi ne shekarar 2021, ina aji huɗu na firamare. A farkon watan Satumba na shekarar, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su ɗauke sabis a duk Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin jiha ta lokacin Gwamna Bello Matawalle, saboda yaƙi da 'yan bindiga. An kuma rufe kasuwannin mako-mako. Da farko mako biyu aka ce. A farkon Oktoba aka mayar wa Gusau sabis, sauran wurare kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba.

Ba a rushe turakun sabis ba, suna nan tsaye muna ganinsu. Wayoyi suna nan, lambobin mutane suna ciki. Ka danna suna, ba inda za ta kai ka. Na tuna Baba ya rubuta wasiƙa da biro ya ba direba ya kai wa ƙaninsa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Inna kuma kowace safiya sai ta ɗaga waya sama ta duba ko sanduna sun dawo. Ni yaro ne, ba ni da ta cewa a kan dalilin, manya sun fi ni sani. Abin da na iya tunawa kawai shi ne tambayar da kowa ke yi, wadda ba "me ya sa" ba ce, "sai yaushe" ce. Shi ya sa a shafina ban rubuta "a rufe" kawai ba, na rubuta "Dakata minti 1".

Gargaɗi: wannan ba kwaɗo ba ne

Kada wani ya karanta darasin nan ya ɗauka ya sami hanyar ɓoye sirri. Bayan mun gyara shafina a ranar taron, wata 'yar aji uku ta ce, "Malam, a ba ni in gwada." Ba ta jira minti ɗaya ba. Wurin adireshi ta je can sama, ta goge tambaya.html, ta rubuta amsa.html, ta danna Enter. Amsoshi biyar suka bayyana. Na ce, "Ai wannan maguɗi ne!" Malam ya ce, "Ba maguɗi ba ne, ƙofar gaba ka rufe ka bar katanga a faɗe."

Dalili shi ne duk umarnin da muka rubuta a cikin na'urar mai karatu yake aiki, kuma na'urar tasa ce. A kwamfuta, wanda ya danna Ctrl da U a Chrome zai ga duk abin da ka rubuta, har da adireshin da kake ɓoyewa. Wanda ya kashe JavaScript a burawuzarsa, rufe ba zai ma tashi ba. Idan kuma ka ce mahaɗin ya buɗe ranar kaza ga wata, agogon wayar mutum za a duba, shi kuwa yana iya tura agogonsa gaba.

To yaya manyan hukumomi ke yi? Idan JAMB ta rufe rajista, ko NECO ba ta saki sakamako ba tukuna, ba a wayarka aka rufe ba. A babbar kwamfutarsu ne, wadda ake kira saba, mai riƙe da bayanan. Ko ka san adireshin, ko ka canja agogo, idan buƙatarka ta isa can za a duba a ce lokaci bai yi ba. 'Yan aji uku masu jiran BECE, duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai buɗe muku sakamako kafin a sake shi, ku riƙe kuɗinku. Haka ma maganar biya sau biyu: Yaya ya ce shafi mai kyau yana yin duka biyun, ya tare yatsa a waya, sannan sabar ma ta gane cewa wannan biyan ya riga ya shigo, ta ƙi karɓar na biyu. Wannan ɓangaren a kwaleji suke koyonsa, ya ce in bari sai na iya na farkon.

Saboda haka amfanin abin da muka koya shi ne taimakon mai karatu: a hana shi kuskure, a sa ya karanta tambaya kafin amsa, a gaya masa ana aiki. Idan ni ne zan zaɓa, hanya ta farko na fi so, domin ba ta barin ƙofar da ta yi kama da buɗaɗɗiya alhali a rufe take. Yaya ya fi son ta biyu. Mun yi musu har Inna ta ce mu tashi mu ba ta tabarmarta.

Aikin gida

Ga tambayoyi uku. Na ɗaya, wace lamba za ka rubuta a setTimeout idan kana so mahaɗi ya buɗe bayan minti biyu da rabi? Na biyu, a shafina na tambayoyi, idan mutum ya jira daƙiƙa 50 sannan ya sake loda shafin, daƙiƙa nawa zai ƙara jira, kuma me ya sa? Na uku ya fi wuya: rubuta umarnin da zai bar mahaɗi a buɗe na minti ɗaya, sannan ya rufe shi, wato akasin wanda na kawo. Layuka biyu na ƙarshe kawai za ka taɓa.

A rubuta amsa a takarda, da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya da ke gefen allon nan kafin ranar Laraba. Malam ya yi alkawarin zuwa da kwamfutarsa ranar Alhamis bayan an tashi, idan an samu caji, kuma mutum uku na farko da suka ci tambaya ta uku su za su fara zama a gabanta su gwada da hannunsu. 'Yar aji ukun nan an ce ita ma ta zo, amma a baya za ta zauna.

Daga wakilin Filin Kwamfuta, aji biyu na ƙaramar sakandare.